Mummunan Labari Ba Albishir Ba Ne: Wa Ake Fara Faɗa Wa, Yaushe, Kuma Ta Yaya?

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurara, da masu cewa sun fi gane karatu. Maganar yau ta cikin gida ce, kuma da laifin kaina zan fara.

Shekara uku da suka wuce wani abokina ya rasu a hatsarin mota, yana dawowa daga ɗaurin aure. Tare muka yi jami'a, shekara biyu muna ɗaki ɗaya. Wajen ƙarfe biyar na yamma aka kira ni aka faɗa min. Hannuna na rawa na nemo hoton da muka ɗauka ranar da muka gama makaranta, na rubuta Innalillahi, na ɗora a sitatus ɗin WhatsApp. Wallahi addu'a kawai nake nema masa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga kira. Ƙanwarsa ce, tana makaranta a wani gari, tana da lambata saboda wani lokaci ta wajena yake aika mata saƙo. Ta ce, "Yaya, me ya sa ka sa hoton Yayana? Don Allah ka ce min wasa kake."

Ashe a daidai lokacin iyayensu maza na zaune suna shawarar wanda zai je ya ɗauko ta, a faɗa mata a gida kusa da mahaifiyarta. Ni na riga su. Yarinyar nan ta ji mutuwar ɗan'uwanta ita kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai, daga wayata. Har yau idan muka haɗu tana gaishe ni da ladabi, amma ni na san abin da na yi.

Tun daga ranar nake tunanin wannan abu: yaushe ake faɗa wa naka mummunan labari, wa zai faɗa, kuma da wane baki?

BA A BA DA GORO

A al'adarmu idan kana ɗauke da labari mai daɗi, gudu kake yi ka riga kowa. Ka ce "Albishirinka", a ce "Goro", a ba ka tukuici. Rigegeniya a nan daidai ce. Amma mummunan labari bai taɓa zama abin rigegeniya ba. Idan aka yi rasuwa, manya ne ke zama su ce wane, kai za ka je wajen mahaifinsa. Wance, ke da wance ku shiga wajen matarsa. Ana zaɓar mai nutsuwa, wanda ake jin nauyinsa, wanda ya iya bakinsa. Sai an gama da na jiki sannan a yi sanarwa a masallaci, a kai gidan rediyo.

Waya ce ta zo ta hargitsa wannan jeri. Tun da WhatsApp ya kawo sitatus a 2017, kowannenmu ya zama gidan rediyo mai zaman kansa, kuma mun koma ɗaukar mutuwa kamar albishir: wa zai fara sakawa. Sai ka ga an yi hatsari, ba a ma fito da mutane daga cikin mota ba, hotuna sun shiga guruf uku. Uwa na tsakar gida tana tankaɗe, yaro ƙarami ya miƙo mata waya.

Kada wani ya ce ai mu kaɗai ne. A ranar 26 ga Janairun 2020, lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da ɗan ƙwallon kwandon nan Kobe Bryant da 'yarsa Gianna a Kalifoniya, wani shafin labarai ya saki labarin kafin hukuma ta sanar da iyalai. Matarsa Vanessa ta ba da labarin yadda saƙonnin ta'aziyya suka riƙa faɗowa wayarta tun kafin a tabbatar mata. Daga baya ta kai ƙara kan jami'an da suka ɗauki hotunan gawarwakin suna nuna wa mutane, ta kuma yi nasara a 2022. Jihar ta kafa doka da ta haramta wa masu kai ɗauki ɗaukar hoton mamaci ba da dalilin aiki ba. Kun ga ke nan, ko a can sai da doka ta shigo kafin wasu su riƙe hannunsu.

WA AKE FARA FAƊA WA?

Ku ɗauke shi kamar zobe a cikin zobe. Na ciki su ne iyaye, mata ko miji, 'ya'ya, da waɗanda suka fito ciki ɗaya. Na biye su ne baffanni, kawunnai, goggonni, surukai da aminai. Na waje shi ne sauran jama'a, wato ni da kai da guruf ɗin 'yan ajinmu. Ƙa'idar ɗaya ce: kada labari ya tsallaka zuwa zoben waje alhali akwai na ciki da bai ji ba.

Rundunar sojan Amurka ta mayar da wannan doka. Idan soja ya mutu, jami'ai ne ke zuwa gida da ƙafarsu su faɗa wa iyali baki da baki, kuma ba a sakin sunansa ga 'yan jarida sai bayan awa 24 da sanar da su. Mu ba za mu iya jiran awa 24 ba, tunda gaggauta jana'iza aka umarce mu da shi, sau da yawa wanda ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi. Ita kanta sanarwa ba laifi ba ce, ai Manzon Allah (SAW) ya sanar da rasuwar Najjashi a ranar da ya rasu. Abin da nake cewa shi ne, kafin ka danna, kira mutum ɗaya a gidan ka tambaya: "An faɗa wa kowa? In saka?" Kiran ba zai ci maka minti ɗaya ba. Da na yi shi a ranar nan, da ban zauna ina ba ku wannan labari ba.

YAUSHE?

Nan ne abin ke da wuya, domin kuskure biyu ne ke fuskantar juna: garaje da ɓoyo. Tambayoyi uku nake ganin za su raba gardama.

Ta farko: a wane hali mutumin yake yanzu? Wanda ke tuƙi, ko yana kan babur, ko yana aiki da inji, ba a faɗa masa sai ya tsaya. Mai naƙuda, wanda za a shiga da shi tiyata, ɗalibar da saura awa ɗaya ta shiga jarrabawa, duk ana iya jira su wuce wannan gaɓar. Tsohuwa mai hawan jini da ke kwana ita kaɗai, ba a bugo mata ƙarfe biyun dare. A jira asuba, a je da mutum.

Wannan ba camfi ba ne. Likitoci a Japan sun bayyana wani ciwo a 1990 da ake kira takotsubo, inda firgici ko baƙin ciki mai tsanani ke raunana tsokar zuciya farat ɗaya, mutum ya ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi kamar mai bugun zuciya. Mafi yawan waɗanda yake kamawa mata ne da suka manyanta, wato sa'o'in iyayenmu da kakanninmu. Don haka idan aka faɗa wa Hajiya labari ta dafe ƙirji, kada a tsaya yayyafa ruwa da fifita kawai, a yi asibiti da ita.

Ta biyu: akwai abin da zai yi da labarin wanda idan lokaci ya wuce ya wuce ke nan? Samun jana'izar uba. Ganin uwa tana da sauran numfashi a nemi gafararta. Yanke shawara kan magani. Idan akwai, to jinkirinka zalunci ne, komai kyan niyyarka.

Ta uku: idan ka yi shiru, ta wace hanya zai ji? A da ana iya ɓoye wa ɗalibin da ke karatu a Sudan ko Masar rasuwar mahaifinsa har ya gama jarrabawa ya dawo. Yau fa? Wani ɗan ajinsu na firamare zai rubuta masa "Allah ya jiƙan Baba" a Facebook. Sai ya haɗa baƙin ciki biyu: na rashin, da na cewa kowa ya sani ban da shi, har da ƙannensa da yake hira da su kullum suna ce masa kowa lafiya.

Shi ya sa nake cewa jinkiri na awoyi ne, ko kwana ɗaya, ba na watanni ba. Kuma jinkirin shiri ake yi a cikinsa: a nemo wanda zai faɗa, a samo wanda zai zauna da shi, a tanadi kuɗin mota. Akwai ma inda ɓoyon ke taɓa hukunci. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, kuma a wajen mafi yawan malamai daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar da matar ta ji ba. Idan aka ɓoye mata wata biyu da sunan tausayi, an cinye mata kusan rabin kwanakin tana kwalliya tana zuwa biki ba ta sani ba. Wa zai so a yi wa 'yar'uwarsa haka?

Game da salon nan namu na "jikin Baba ya yi tsanani, ka taho gida", ni ban ce a daina ba. Yana da amfani ga wanda zai yi tuƙin awa biyar. Amma a san cewa matakala ce, hawa ake yi a wuce. Idan mutum ya tsare ka ya ce, "Don girman Allah faɗa min gaskiya, ya rasu ne?", kada ka rantse masa a kan ƙarya. Ka ce ya samu wuri ya tsaya, sannan ka faɗa masa. In ba haka ba, nan gaba ko zazzaɓi aka ce wani na yi a gida, zai ɗauka an mutu ne ana ɓoye masa.

TA YAYA?

Likitocin ciwon daji, waɗanda kusan kullum sai sun faɗa wa wani labari mai nauyi, suna da tsari mai matakai shida da ake kira SPIKES. Walter Baile da Robert Buckman da abokan aikinsu ne suka wallafa shi a 2000, kuma ana koyar da shi a makarantun likitanci. Da na karanta, sai na ga kusan abin da dattawanmu ke yi ne. Ga shi a taƙaice, da harshen gida.

Ka shirya wuri: a keɓe, a zauna, a kashe talabijin, a samu wani nasa a kusa. Ka fara jin abin da ya sani: "Inna, me aka ce miki game da jikin Yaya?" Ka lura da iya abin da yake son ji, domin wani so yake a zayyana masa komai, wani kuma kan maganar ya ishe shi yau. Sai ka yi 'yar shimfiɗa, jimla ɗaya: "Na zo da magana mai nauyi, sai haƙuri." Sannan ka faɗa a fili. Daga nan ka yi shiru, ka bar shi da kukansa. A ƙarshe ka faɗi abin da ke gaba: ƙarfe nawa ne jana'iza, wa zai zo ya ɗauke shi, yaushe za a koma wajen likita.

Wurare biyu muka fi yin tuntuɓe. Na farko shimfiɗa mai tsawo. Ka zauna kana wa'azin minti ashirin kan cewa duniya ba matabbata ba ce, ita kuwa baiwar Allah tana ta lissafa 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a zuci, wanne ne a ciki. Wannan azaba ce. Na biyu kalmomi masu harshen damo. "Jiki ya ƙi", "sai addu'a", "an rasa yadda za a yi", duk suna barin ƙofar tsammani a buɗe. Hausa na da kalmomi masu taushi kuma bayyanannu: Allah ya yi masa rasuwa, ya riga mu gidan gaskiya. Yara kuwa kada a ce musu Baba ya yi tafiya, don za su zauna a bakin ƙofa suna jiran tsaraba.

Sannan a daina hana mutane kuka. Littattafan sira sun kawo cewa bayan yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah (SAW) da kansa ya je gidan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib. Ya sa aka kawo masa 'ya'yan Ja'afar ya rungume su, idanunsa na zubar da hawaye, har matarsa Asma'u 'yar Umais ta tambaya, ya faɗa mata. Bayan nan ya yi umarni a dafa wa iyalan abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Ku duba jerin: ya je da ƙafarsa, bai ɓoye hawayensa ba, ya faɗi gaskiya, ya kuma yi tunanin me za su ci.

Akwai kuma labarin Ummu Sulaim da malamai ke yawan kawowa. Ɗansu ya rasu mijinta Abu Ɗalha ba ya gida. Ta hana kowa faɗa masa, ya dawo ta ba shi abinci ya huta, sannan ta kawo masa misalin wanda aka ba aro mai abu ya zo karɓa, ta faɗa masa. Ana yaba haƙurinta, kuma ta cancanta. Amma ku lura da abu biyu da ba a cika faɗa ba: jinkirin nata na dare ɗaya ne, kuma duk da haka a wata ruwayar ransa ya ɓaci har ya kai maganar gaban Annabi (SAW). Wato ko jinkiri mafi hikima yana da nasa ɗaci.

Idan dole ta waya za a faɗa, a kira. Ba saƙon tes ba, ba saƙon murya da zai buɗe a cikin A Daidaita Sahu ba. Ka fara da, "Kana ina? Kai da wa? Samu wuri ka zauna." In da hali, ka riga ka kira abokin ɗakinsa ko maƙwabcinsa ya je ya tsaya kusa da shi.

IDAN LABARIN NAKA NE FA?

Ba mutuwa kaɗai ce mummunan labari ba, kuma mu matasa inda muka fi ɓoyo shi ne abin da ya shafi kanmu. An kore ka daga jami'a amma kana ci gaba da karɓar kuɗin makaranta. An sallame ka daga aiki, kullum kana saka kaya ka fita. Jarin da Yaya ta ba ka ya narke a wata harkar intanet. Aure ya mutu, kina cewa hutu kika zo. Hausawa sun gama magana: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

A nan ƙa'idar ita ce ka faɗa tun akwai abin da za a iya gyarawa, kuma su ji daga bakinka kafin su ji a bakin duniya. Ka ɗauki gwajin jini kafin aure. Idan kai AS ne ita ma AS ce, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Jihar Kano ma ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. To wannan magana tun kafin manya su shiga ake yin ta, ba bayan an kai lefe an buga kati ba, lokacin da kunya za ta sa a rufe ido a ɗaura.

Ka zaɓi lokaci, amma kada zaɓen lokaci ya zama mafaka. Ba ranar bikin ƙanwarka ba, ba Baba na shigowa daga kasuwa a gajiye ba. Bayan ya ci abinci ya huta, ka ce, "Baba, ina da magana in ka ba ni dama." Ka faɗi abin da ya faru ba kwana-kwana, ka ɗauki laifin da yake naka, ka zo da abin da kake shirin yi. In kana tsoron fushinsa, ka bi ta wajen kawu ko goggo da yake jin maganarsu, ai don irin wannan rana ake da su. Ka sa wa kanka wa'adi: kafin Juma'a na faɗa. Idan ba ka sa rana ba, wata shida za su wuce kana cewa ba ka samu lokacin da ya dace ba.

Abu ɗaya kuma: labarin wani ba naka ba ne. Idan ƙawarki ta faɗa miki abin da likita ya gano a jikinta, ko ɓarin da ta yi, ita ke da ikon faɗa wa wanda ta ga dama a lokacin da ta ga dama. "Na faɗa ne don a taya ta da addu'a" ba hujja ba ce.

KAFIN KA DANNA

Ga abin da na ɗora wa kaina tun daga waccan rana. Ba na saka rasuwa sai na tabbatar daga ɗan gidan, domin sau nawa aka kashe mutum a Facebook yana zaune yana shan shayi? Ba na sakawa sai na ji cewa na jiki duk sun sani. Ba na tura hoton gawa ko na hatsari, ko da wani ne ya turo min. A wajena yake tsayawa. Idan kuma na ga wani ya yi irin garajen da na yi, ba na zaginsa a guruf, kiransa nake yi in ce ɗan'uwa sauke tukuna, mahaifiyarsa ba ta ji ba. Har yau ban samu wanda ya ƙi saukewa ba.

Mutum na iya manta waɗanda suka zo masa gaisuwa, amma ba ya manta inda yake zaune da muryar da ta faɗa masa. Bara na samu ƙarfin halin ba ƙanwar abokina haƙuri. Ta ce ba komai Yaya, ta yafe, ta san ba da gangan na yi ba. Sannan ta ce har yanzu idan ta ga an sa hoton mutum a sitatus, sai gabanta ya faɗi kafin ta karanta abin da aka rubuta a ƙasa.

A nan za mu tsaya yau. Wanda ya san dattijo ko dattijuwa a gidansu da ake aikawa idan irin wannan ta faru, ya je ya zauna da su ya tambayi yadda suke yi, domin wata rana mu za a aika. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu iya bakinmu da yatsunmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.